Sobiyar Baffa Ɗanjuma da Ta Ƙi Zuwa Gwarzo

Tun da na dawo daga Umra ban huta ba. Duk wadda ta shigo sayen kunu sai ta ajiye kwanonta, ta jawo kujera, ta ce, "Hajiya Rabi, wai da gaske ne abin da Kande take faɗa?" Ita kuwa Kande kullum labarin ƙara tsawo yake a bakinta. Jiya na ji an ce har 'yan sanda sun zo da karnuka. To, babu kare, babu ɗan sanda. Ga yadda aka yi nan na rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ku bar ni in tace gasarata.

Kun dai san ni, shekara talatin ina kunun zaki a Gwarzo. A hannun Gwaggo Tasalla na koya, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwarsa. Yanzu ta tsufa tukuf, ido ya tafi, kunnen ma sai an ɗaga murya. Su uku kakarmu Iya ta haifa: Gwaggo, da mahaifina, da autansu Baffa Ɗanjuma. Shi Baffa tun yana saurayi ya bi masu tafiya Makka ta Sudan, bai sake waiwayo gida ba. Can ya yi aure, can ya tara iyali. Akan yi waya, amma wayarsu abin tausayi ce. Shi yana can yana "Na'am? Na'am?" ita tana nan tana "Me ya ce?" har kowa ya gaji a kashe.

Da yarana suka haɗa kai suka biya min kujera, na je yi wa Gwaggo sallama. Ta laluba ta kamo hannuna ta ce, "Rabi, ba na son dabino, haƙoran da zan ci babu. Zamzam kowa kawo min yake. An ce Ɗanjuma wani abin sha yake yi har Larabawa na yi masa layi. Shi nake so. Abin da ya yi da hannunsa, in sa a bakina kafin a sa ni a rami."

Na ce, "Gwaggo, in dai ina numfashi zan kawo miki." Da cikakken baki na yi alkawarin, ban ko tambayi wane irin abin sha ba ne. Ta ba ni ƙullin daddawa da kuka in kai masa, da wani tsohon ludayi na Iya wanda ya yi baƙi don daɗewa.

Abokiyar tafiyata ita ce Hajiya Kande, maƙwabciyata mai sayar da atamfa. Sau ɗaya ta taɓa zuwa Hajji, amma in tana magana sai ki ɗauka ita ta shata titunan Makka. Tun daga motar Gwarzo zuwa Kano take min karatu: kar ki yi kaza, Larabawa ba sa son kaza. A jirgi ita ta ɗaure min bel, ta matse ni har na kasa tari. Da aka kawo abinci ta ce kar in taɓa ɗan farin ƙyallen da ke cikin leda, na goge hannu ne. Na ce mata ko a Gwarzo mun san abin goge hannu. Tsoron jirgi kam na ji shi, ba zan ɓoye ba. Da ya ɗaga hanci sama duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa.

A Jidda aka fara nuna min sana'ata ta biyo ni. Akwai wata na'ura da ake ɗora yatsu ta ɗauki zanensu. Kowa ya ɗora ya wuce, ni na ɗora ta ƙi. Jami'in, wani saurayi mai gyararren gemu, ya matsa min wani mai a hannu, na murza, na sake ɗorawa, ta sake ƙi. Ya kalli yatsuna ya kalle ni. Shekara talatin na wankin gero da matsar gasara sun shafe zanen tas, ga ƙunshin da Kande ta matsa sai na yi. Layi ya taru a bayana, Kande tana can tsallake tana ɗaga min hannu wai in danna da ƙarfi. Sai a ƙaramin yatsan hagu, wanda ba ya aikin komai a gida, na'urar ta yarda ni mutum ce.

Masaukinmu a Makka a unguwar Misfala yake, hawa na goma sha ɗaya, mu huɗu a ɗaki. Unguwa ce da ba za ki yi kewar gida ba. Kina tafe za ki ji an ce "Hajiya, ga tuwo da miyar kuka," ki waiga ki ga mace da kulolinta a bakin lungu kamar a tashar Gwarzo. Abin da ya dame ni a ɗakin ɗan firij ne. Cikin abokan kwananmu akwai wata Hajiya doguwa da ta ɗauka duk abin da ya shiga firij ya zama sadaka. Na sa nono, ta sha. Na sa lemo, ta sha, ta kuma yi min addu'a. Ku riƙe maganar firij ɗin nan, za ta dawo.

Ibada kuwa, alhamdu lillahi. Ranar da na fara ganin Ka'aba na tsaya ina kuka kamar yarinya, duk addu'o'in da na tanada suka gudu, sai sunan mahaifina da na Gwaggo kawai nake iya faɗa. Wannan ba abin da zan iya ba ku labarinsa ba ne, Allah ya kai kowa ta gani da idonta.

Bayan mun gama Umra da kwana biyu, babban ɗan Baffa ya zo ɗaukarmu. Sunansa Talal, magidanci ne mai tumbi da farar jallabiya, a can aka haife shi. Fuskar mahaifina sak, amma da ya buɗe baki sai Hausar ta fito da rawani.

"Ahlan, ya bint ammi! Ka zo lafiya? Yaya ta'ab na hanya? Yalla, tafaddali, shiga sayyara."

Na ce wa Kande a hankali, "Me ya ce?" Ta ce, "Cewa ya yi mu shiga mota." Wannan kam ko ni na gane, tunda ƙofar ya buɗe.

Ya kai mu Utaibiyya, unguwa mai matsattsun lunguna da tsofaffin benaye. Muka tsaya a gaban wani shago mai faɗi, mutane sun yi layi har waje, kowa na fitowa da leda ko gora cike da wani abu fari, wani ja. Muna sa ƙafa ciki wani tsami-tsami ya bugi hancina. A bayan gilashi ga wasu manyan tankunan ƙarfe guda biyar suna sheƙi, kowanne ya fi ni tsawo, bututu ya fito daga jikinsu ya zo kan kanta, inda aka jera famfuna biyar. Ma'aikaci ya murɗa famfo, abu ya zubo cikin kofi har da 'yar kumfa a sama.

Kande ta damƙe min mayafi. "Rabi," ta ce, "inna lillahi. Na taɓa ganin irin wannan wurin a talabijin, gidan giya ne. Mu fita tun Umrarmu ba ta zube ba."

Na ce, "Ke Kande, a Makka? Kina jin kiran sallar Harami daga nan?"

"To wannan kumfar fa?"

"Jiƙon hatsi ne. Hancina ba ya min ƙarya a kan hatsi."

Talal ya ga yadda take ja da baya, ya tuntsire da dariya har tumbinsa na rawa. "La, la, ya Hajja! Sobiya ne, halal miya bil miya, ɗari bisa ɗari. Limamai na sha, 'yan sanda na sha." Sannan ta saki mayafina, ta gyara tsayuwa ta ce ai dama ta sani, gwada ni take yi.

Aka kai mu ɓangaren iyali, aka zaunar da mu a kan kilishi mai taushi da matasai. Al'adar gidan, baƙo ba ya zaɓa sai ya ɗanɗana duka. Aka kawo wani dogon katako mai ramuka biyar, kowane rami da ɗan kofinsa. Talal yana nunawa yana bayani. Fara ta sha'ir ce, wani hatsi mai kama da alkama, da busasshen burodi. Ja ita ma sha'ir ce aka sa mata kala, yara suka fi so. Akwai ta zabibi, akwai ta tsamiya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina juyawa a baki. Gaskiya da daɗi, ga sanyi har cikin ƙashi, ga ƙamshin girfa da wani ɗan koren ƙwaya da suke kira hel. Amma sukari ya yi yawa, kuma ba kauri. A Gwarzo in na sayar da abu tsararo haka, sai a ce Rabi ta fara ha'inci.

Kafin in kai kofi na biyar abinci ya iso. Wata shinkafa ce da aka dafa da madara da romon kaza har ta narke, suna ce mata salig. Na ce wa Kande wannan a gida mai jego ake ba. Na faɗa ina raina ta, sai ga shi na share rabin tire. Sai kuma nama a faranti, an barbaɗe shi da ƙuli da yaji, Talal yana ta yabo wai abincin Makka ne na asali, sunansa siriya. Na ɗauki yanka ɗaya na ce, "Ɗan'uwa, wannan tsire ne aka zare masa tsinke." Ya ce haka Baba ma yake faɗa kullum.

Muna cikin haka aka turo Baffa a keken marasa ƙafa. Ɗan tsoho ne siriri, da hula zanna bukar da ta koɗe, hancin Gwaggo, goshin Gwaggo. Na durƙusa na gaishe shi, ya dafa kaina ya ce, "'Yar Mamman ce? Tashi in gan ki." Hausarsa tsohuwa ce garau, irin wadda tun rasuwar Iya ban sake ji ba. Ya tambayi rijiyar ƙofar gida, na ce an cike ta. Ya tambayi tsamiyar bakin kasuwa, na ce an sare. Ya tambayi mutum bakwai, duk sun rasu. Da na ga fuskarsa na sauyawa sai na yi maza na ciro ludayin. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya kai hanci, sai ga hawaye a idonsa. Ni ma sai da na share ido.

Can ya nuna kofi na biyar da ludayin ya ce, "Sha wannan. Saboda ita ake layin nan."

Kalarta kamar ƙasa-ƙasa. Na kurɓa. Ga citta, ga kanumfari, ga masoro, kayan kununmu sak. Amma a ƙarƙashinsu akwai wani ƙauri mai ɗaci-ɗaci da ya tsaya min a maƙogwaro. Ba sai an gaya min ba, hatsin ya ƙone a kasko.

"Mahruga suke ce mata, ƙonanniya," in ji Baffa, yana murmushin alfahari. "Sirrin Iya ne. Duk Makka ba mai yin ta sai ni. Ina yaro irin kunun da take dama min ke nan, na musamman, ban da kowa. Da na zo ƙasar nan ba gero, na gwada da sha'ir, sai ga ɗanɗanon gida."

A gidanmu gaskiya ne akan ɗan soya rabin hatsi kafin a jiƙa, don ƙamshi. Amma ranar da na bar kasko ya yi ƙauri ina yarinya, ranƙwashin da Gwaggo ta yi min har yau ina jin wurin. Sai zuciyata ta fara raya min ko Gwaggo ɓoye min sirrin ta yi shekara talatin. Raina ya ɗan sosu, amma ba a musu da babba a gaban 'ya'yansa, na ce, "Ma sha Allah, Baffa."

Ya sa aka tura shi muka shiga bayan gilashin. Komai na ƙarfe ne, ma'aikata da safar hannu da hular leda, injin niƙa, injin tacewa. A lungu ɗaya kuwa ga murhun gas da wani baƙin kasko. Nan ne wurin Baffa. Talal ya ce ko likita ya hana, Baba ba ya yarda kowa ya soya sha'ir ɗin mahruga sai shi. A jikin kowane tanki an manna takarda da ranar da aka jiƙa. Baffa ya ce dokar gidan ɗaya ce: sobiya kwana biyu take, a cikin sanyi. Rana ta uku, ko tanki cike yake, a kwarara a rariya.

Nan na kawo maganar saƙon Gwaggo. Ya girgiza kai tun ban rufe baki ba.

"Ba za ta je ba, 'yata. Yaushe za ku tashi?"

"Saura kwana huɗu, Baffa."

"Ko gobe ne ba za ta je ba. Abin nan rai gare shi, ba ya son ɗauri, ba ya son zafi. Ke da kike kunu ai kin fi ni sani."

Ya sa aka kunna murhu, ya soya sha'ir da hannunsa ina kallo, yana juyawa yana hira har hayaƙi ya tashi, ni kuwa hannuna na ƙaiƙayi in fizge muciyar. Ya juye a wani farin ƙyalle, ya haɗa da hel da girfa, ya ƙulle ya miƙo min. "Ki kai wa Yaya Tasalla. Ki jiƙa mata da hannunki, kwana ɗaya da wuni, ki tace sau uku. Ke ma jinin Iya ce."

Na karɓa na jefa a jakar hannu, amma raina bai kwanta ba. Gwaggo ba tsaba ta aike ni ba, abin sha ta ce. Muna fitowa Kande ta karanta fuskata. Ta ja ni gefe ta ce, "Ke ma dai da tsoro kike. Tsufa ne ya sa shi faɗin haka. Abin Makka yana lalacewa ne? Zamzam ɗin da na kawo wancan zuwan shekararsa uku a ƙarƙashin gado, ko canja kala bai yi ba. Wannan ma ai da ruwan garin aka yi."

Jama'a, ni Rabi, wadda ta san kunu in ya wuni a rana gora kumbura take, ni na tsaya na saurari wannan magana har na ce, "Kuma fa haka ne." Son cika alkawari ne ya rufe min ido, da kuma taurin kai, wanda duk kun san ba aro na yi ba. Talal na can yana ɗauko mota, Kande ta kutsa layi ta fito da manyan goruna biyu na mahruga a ƙarƙashin hijabi.

A masauki aka zo maganar ajiya. Firij dai ba shi yiwuwa, doguwar Hajiya za ta shanye ta yi mana addu'a. Sai muka murɗe murafen tamau, muka naɗe su da salatif, muka nannaɗe gorunan cikin fararen jallabiyoyi uku da Kande ta saya wa maigidanta Alhaji tsaraba, muka cusa a tsakiyar akwatinta don nata ya fi ƙarfin zif. Kwana huɗu suna ciki. Ranar tafiya aka ce a sauko da kaya tun hantsi, motar ba ta zo ba sai bayan la'asar. Akwatin nan ya wuni a bakin titi, a ranar Makka da ko takalmi ba ya son ta.

Mun yi ɗawafin bankwana, mun sha kuka, mun hau doguwar mota zuwa Jidda. Kaya suna ƙasa a cikin cikinta. Malamin tawagarmu yana gaba yana mana nasiha a kan riƙe tsarkin da muka samo. Mun yi kamar rabin hanya sai muka ji "fam!" a ƙarƙashin ƙafafunmu. Mata suka sa salati. Direban, wani Bahaushen Chadi, ya gangara gefen titi ya ce taya ce. Ya sauka ya zagaya, ya daddaki tayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, duk lafiyarsu ƙalau. Yana tsaye yana sosa ƙeya sai ya ga wata kumfa tana tsiyaya daga ƙofar kaya tana ɗiga a kwalta.

Ni tun daga tagar na gane kalar. Na dubi Kande, Kande ta dubi rufin mota.

Aka buɗe. Warin da ya fito ba na sobiyar da muka sha ba ne, wani tsami ne mai hawa ka. Aka jawo akwatin yana zuba, direba ya ce, "Na wane ne?" Sunan Kande ne a jiki da manyan baƙaƙe, har da lambar gida. Aka zuge. Gora ɗaya ta tsage gida biyu, jallabiyoyin Alhaji sun koma kalar kunun kanwa. Ɗayar kuwa ta kumbura ta yi tim, har gindinta ya turo. Direba ya ɗauke ta da yatsa biyu, ya yi nisa cikin rairayi, ya juya fuska ya sassauta murfin. Murfin ya tashi sama ban ga inda ya sauka ba, abin ya yi tsiri ya wanke masa riga.

Malam ya matso ya shinshina, ya ja da baya, ya ce, "Hajiya Kande, ko mene ne wannan a da, yanzu kam ya bar sahun halal."

Kande ta nuna ni da hannu biyu ta ce, "Wallahi na Rabi ne, ajiya ta ba ni!" Mutum arba'in suka juyo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ga ni da sabuwar Umra, a tsakanin Makka da Jidda, ina wanke akwati da ruwan gora ina rantsuwa cewa baffana mutumin kirki ne. Har muka sauka Kano ba wanda ya yarda ya jingina kayansa da namu. Amma ba kunyar ce ta hana ni cin abincin jirgi ba. Gwaggo nake tunani, tana zaune a kan tabarmarta tana ƙirga kwanaki.

Da na isa gida, bayan an watse daga sannu da zuwa, ta ce, "Ina saƙona?" Na ce kayanmu ba su gama isowa ba, sai jibi. Ƙarya ta farko bayan Umra ke nan, ko kwana ban yi ba.

Na koma ɗaki na kwance ƙullin Baffa a faifai. Kusan kashi ɗaya cikin uku baƙi ƙirin. Na ce a raina ba zan kai wa tsohuwa gawayi ba. Hannuna da kansa ya shiga tsince baƙaƙen, na tara su a gwangwani don kaji. Sauran na ɗebi kaɗan na ajiye, na ɓarza mai yawan, na jiƙa da busasshen burodi da kayan ƙamshi, na tace sau uku yadda ya ce. Ya fito fes, ni kaina na yaba. Kande ta kawo wata gorar ruwa mai rubutun Larabci ta ce a zuba a ciki don Gwaggo ta yarda. Sai da muka gama zubawa muka tuna Gwaggo ba ta gani.

Na kai mata da hantsi, da sanyinsa. Ta yi bismilla ta kurɓa, ta juya a baki, ta sake kurɓa. Ta ajiye kofin.

"Da daɗi," ta ce. "Amma wannan hannunki ne, Rabi. Ni na koya miki, zan kasa gane ki? Babu Ɗanjuma a ciki."

Sai kawai na fashe da kuka. Na faɗa mata komai, tun daga famfuna biyar har direban Chadi. Da na zo kan jallabiyoyin Alhaji ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na ce amma sha'ir ɗin shi ya soya da hannunsa, sai dai ya ƙone, na tsince ƙonannun. Kuma tunda magana ta fito, na ce, "Gwaggo, ya ce wai ƙaurin nan sirrin Iya ne. Me ya sa ba ki taɓa koya min ba?"

"Kawo abin da kika tsince."

Allah ya sa ban ba kaji ba. Na miƙa mata gwangwanin, ta zuba a tafin hannu, ta kai hanci. Sai na ga kafaɗunta na rawa, na kasa gane dariya ce ko kuka, ashe duka biyun ne.

"Sirrin Iya! Iya ba ta taɓa ƙona hatsi ba a rayuwarta. Shi ne dai. In aka ba shi juyin kasko, da ya ji kalangun 'yan dambe sai ya saki muciya ya fice, ya dawo ya tarar da gawayi. Lokacin abinci ya yi wuya, ba a zubar da hatsi, shi kuma auta ne, Iya ba ta iya dukansa. Sai ta dama mana mai kyau, ta dama masa ƙonannen daban, ta ce nasa na 'yan gata ne, kar ya sam mana. Ya riƙa sha yana mana gwalo, ni da ubanki muna toshe baki." Ta share hawaye da bakin zane. "Yanzu abin da Larabawa ke yi wa layi ke nan?"

Na ce, "Har waje, Gwaggo."

Ta ce in je in sake, kuma kar in kuskura in cire ko ƙwaya ɗaya. Na haɗa ƙonannun da ɗan ragowar da na ajiye, na jiƙa, ina yi ina runtse ido. Da ya yi na kawo mata. Kurɓar farko ta yamutsa fuska ta ce, "Ɗaci kamar da." Sannan ta riƙe kofin da hannu biyu ta shanye tas, a hankali. Ta miƙo na ƙara mata. Tana sha hawaye na bin kumatunta suna shiga kofin.

Na ɗauko waya na ce bari in yi wa Talal saƙon murya, ya kunna wa Baffa a kunne ya ji asalin sirrinsa. Ta laluba ta riƙe min hannu gam.

"Kul. Shekara nawa yana jin hannun uwarsa a cikin kofin nan, ke za ki ƙwace masa? Danna abin in yi magana."

Na danna. Ta matso da baki ta ɗaga murya yadda kurame suke yi: "Ɗanjuma, Tasalla ce. Saƙo ya iso, na sha. Na Iya ne sak, ba ka rage komai ba. Allah ya yi maka albarka."

Na saki, saƙo ya tafi. Ta koma ta jingina da bango, ta lashe leɓe, ta ce ƙasa-ƙasa, "Sakarai. Har yau bai iya juya kasko ba."

To kun ji. Duk wadda Allah ya kai ta Makka a cikinku, ta je Utaibiyya ta sha mahruga, ta yaba, ta kama bakinta. Kande, da ke nake.